Bijimin Baba Nomau da Nawa

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi duhu, mutane su fara kwashe shanya, sai iska ta bi da shi wani wuri ta bar mu da zufa. Ina zaune a zauren ɗana a nan Kankara, inda muka dawo tun da kwana a ƙauye ya gagara, sai na ji matarsa tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga cewa ita ta fita daga adashi, don abin da ke shigowa gidan ko cefane ba ya kaiwa. Ba da ni ake ba. Amma maganar ta zauna mini a rai har magariba, ta mayar da ni ƙauyenmu kusa da Tafoki, shekarun da ake cewa ƙasa ta yi kuɗi.

Mu dai labarin kuɗin man fetur muke ji. Ba a daɗe da canza fam zuwa naira ba, tsofaffi ma ba su gama gane sabon kuɗin ba, sai gishiri da kananzir da atamfa suka tashi. Manyan motoci suka riƙa tsayawa a bakin hanya suna neman leburori, wasu aikin titi, wasu gini a Kaduna, wasu sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Legas. Cikin rani ɗaya samarin garinmu suka watse. Yayana Hamisu yana cikin na farko. Babanmu ya riga ya rasu, ya bar mana gandu babba wanda a da mutum biyar ke nomawa. Sai aka bar ni ni kaɗai a kansa, da mahaifiyarmu Inna wadda idonta ya fara rauni, da matata Hurera da ɗiyarmu Binta a goye.

Daminar farko na ɗauka abin zai yiwu yadda aka saba. Da ciyawa ta fi ƙarfina a noman firi sai na kira gayya. Na bi gida gida na faɗa, na kira makaɗi. Hurera da Inna suka yini biyu suna daka, aka yi fura ƙwarya ƙwarya, aka tuƙa tuwon mutum ashirin. Da safe na riga kowa zuwa gona, na tsaya bakin hanya ina jira. Rana ta ɗaga. Dattawa uku suka zo, kowanne ya girmi babana. Sai makaɗin. Sai Baba Nomau.

Makaɗin ya ɗan taɓa gangarsa, ya dubi filin, ya dube mu, sai ya rataye ta a reshe ya ce in ara masa hauya. Mu shida muka yi abin da muka iya har azahar. Tuwon nan kwana uku muna ɗumamensa, har ya yi tsami muka ba kaji.

Baba Nomau Bamaguje ne, gonarsa tana iyaka da tamu. Dogo ne, baƙi, da warki a gindinsa da hauya a kafaɗa ko biki za shi. Shi da babana sun yi shekara arba'in suna gaisawa a kan iyakar nan, ɗaya yana salla ɗaya ba ya yi, ba a taɓa jin kansu ba. Shi ma 'ya'yansa maza huɗu duk sun tafi, matarsa ta mutu, gidansa mai ɗaki goma sha ya koma shi da wata ƙanwarsa tsohuwa mai dafa masa abinci.

Ranar gayyar, da sauran suka tafi, muka zauna ni da shi a gindin ɗorawar da ke kan iyaka. Ya daɗe yana goge bakin hauyarsa da tsinke kafin ya yi magana.

"Isuhu, hannuwa sun ƙare a garin nan," in ji shi. "Waɗanda sunka tahi, ko sun dawo ba da hauya za su dawo ba."

Na ce, "To Baba, ya za mu yi?"

"Na je Daudawa na gani da idona. Mutum guda da shanu biyu da garma, kahin azahar ya huɗe abin da mu shida ba mu gama ba yau. Ni ba ni iya sayen biyu. Kai ma ba ka iyawa. Ni in sayi guda, kai ka sayi guda."

Na yi dariya, don a lokacin ko akuya biyu ba mu da su cikakku. Shi bai yi ba. Ya ce akwai tsohuwar garmar shanu a wurin maƙeri a Faskari, zai sa a gyara, karkiya kuma shi zai sassaƙa. Ya miƙo hannu, na kama. Da na koma gida na gaya wa Hurera, tana tsince wake ta ce ranar kasuwa in sayo mata asusu.

Asusun na ƙasa ne, kamar ɗan tulu, bakinsa tsaga ce siririya, abin da ya shiga ba ya fita sai an fasa. Muka ajiye shi a ɗakin Inna a bayan jeren tukwane. Daga ranar gidanmu ya canza. Na bar goro. Muka koma cin tuwo tun da sauran haske don kada a kunna fitila. Nama sai Sallah. Sabulu Hurera ke dafa nata da toka. Duk inda za ni da ƙafa nake zuwa, ko da mota ta tsaya direba ya ce in hau. Ita kuma Hurera ta kama daddawa. Da bazara ni ke hawa ɗorawa in kakkaɓo, ita ta ɓare, ta wanke kalwa a rafi har hannunta ya yi fari, ta yini tana dafawa, ta rufe da ganye kwana uku. Warin yakan kama tufafinmu da gashin Binta. Duk sulen da ya fito daga nan, asusu.

Baba Nomau kuwa giya ya bari, kuma a wurinsa wannan ya fi barin gorona nauyi nesa ba kusa ba. In mutanensu suna buki, kiɗa na tashi daga unguwarsu, sai in hango shi can cikin gona shi kaɗai yana cire kututture, ya ba unguwar baya.

Ba rashin goro ne ya fi damuna ba. Akwai wani gungume a ƙofar gidanmu inda mu takwas muke zama bayan la'asar, sa'o'in juna, muna gardama a kan dambe da 'yan mata da wanda ya fi wani dami. Yanzu in na dawo gona na yi wanka na fito, ni kaɗai ne a kansa. A masallaci sahu ɗaya ba ya cika. Wata rana na yini cur ban yi magana da kowa ba sai jakin maƙwabci da ya shigo mini dawa.

Bayan kaka Baba Nomau ya sayar da awakinsa da rabin dawarsa, ya tafi Kankara ya dawo da bijimi fari, ƙato, mai tozo. Ya sa masa suna Sarki. Daga ranar kullum da yamma, in zai kai shi ruwa, sai ya bar hanyar rafi ya zagayo ta ƙofar gidanmu. Ba ya tsayawa. Yakan ce kawai, "Isuhu, ga shi nan shina jiran abokinsa," ya wuce. Wani lokaci abin yakan ba ni haushi. Amma sau da yawa na tsaya gaban mai tsire a kasuwa hannuna a aljihu, sai in tuna da yamma za su wuce, in zare hannuna.

Da Babbar Sallah Yaya Hamisu ya zo. Ya yi ƙiba, da agogo a hannu da rediyo mai jakar fata. Ya kawo wa Inna bargo, ya kawo wa Hurera turmin atamfa, ni ya ba ni takalmin roba. Yara suka cika ƙofar gida suna jin rediyo. Kwana biyu gungumen nan ya cika da mutane, na ji kamar da. Rana ta uku ya ce mu zagaya gandu. Ya ga rabinsa ya koma saura, sabara da geza sun kai gwiwa.

"Wagga wahala ta mi ce?" ya ce. "Kuɗin bijimin da kake faɗi, wata uku ne a Legas. Ka biyo ni. Akwai wani Alhaji a Funtua da ke sayen gonaki, shina da tarakta. A sayar, a yi wa Inna ɗakin kwano."

"Yaya, wa zai zauna da ita?"

"Hurera tana nan."

Na ce masa na riga na ba Baba Nomau hannu, ya sayi nasa. Ya dube ni kamar wanda ya ji yaro ya yi shirme. Shi ne babba, in ya ce a sayar ba ni da bakin hanawa. Can ya ce to, ba zai yi gaggawa ba, amma in ya sake zuwa ya tarar da gandun nan haka, ba zai sake shawara da ni ba. Ranar da zai koma na raka shi bakin hanya ɗauke da akwatinsa. Da motar ta tsaya, kwandasta ya tambaya ko mu biyu ne. Na tsaya riƙe da akwatin ina kallon cikin motar. Yaya ne ya ce, "Ni kaɗai ne."

Da bazara muka fasa asusu. Na haɗa da kuɗin 'yar audugar da na kai fuloti, inda ake awonta a saya, Hurera ta ƙulle su a tsumma ta ɗinke a cikin ɗan cikina. Na tuƙa sabuwar igiya ta rama. Na fita da asuba da ƙafa, na kwana a hanya, na shiga karar shanu ta Kankara da hantsi. Zafi ake kamar ana hura wuta, ƙuda ko'ina. Na zaɓi wani ja madaidaici, na sa dillali ya taya. Da mai shi ya faɗi kuɗin, na ɗauka wasa yake. Na koma kan wani, na koma kan wani. Ashe tun da fataken kudu suka fara zuwa da manyan motoci suna kwasa, shanu sun kusa ninka kuɗinsu na bara. Abin da ke jikina maraƙi zai saya, wanda sai ya shekara biyu kafin ya ja garma.

Dillalin ya ji tausayina. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci. Ban ci ba. Na sha ruwa a randar masallaci na kamo hanya, igiya a kafaɗa.

Washegari da la'asar na hango Baba Nomau zaune a kan dutse a mararrabar garinmu. Tun daga nesa ya ga ba kowa a bayana. Da na iso bai tambaye ni komai ba. Ya karɓi igiyar, ya jujjuya ta, ya ce tuƙin ya yi kyau, zai ajiye mini. Muka shiga gari a jere.

Inna ce ta ce kada kuɗin su zauna a tsumma, tunda kaya na gudu suna barinsu. Na sayi tumaki biyu da su, Hurera ta sayo sabon asusu.

Daminar da ta biyo ita ce mafi tsanani da na taɓa gani. Mun sayar da dawa fiye da yadda ya kamata don mu cika kuɗin, ga shi ba bijimi, ga rumbu ya yi ƙasa. Gyaɗar da muka dogara da ita kuturta ta kama ta, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, gona guda ba ka samun abin cika ƙwarya. Da marka ta kama, sai a kwana huɗu ba a ga rana ba. Ɗaki yana yoyo, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida ba wuta. Tuwo ya koma sau ɗaya. Da rana kwaɗon rama ko tafasa, ba ƙuli, sai gishiri da barkono. Ina noma cikin taɓo har idon sawu, in na sunkuya na ɗago sai in ga gari yana juyawa. Ga azumi yana matsowa.

Nonon Hurera ya ragu. Binta ta rame, ta koma yawan kuka, gashinta ya yi ja. Wata safiya ina wasa hauya a tsakar gida Hurera ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta saba yin haka ba.

"Malam, a sayar da tunkiya guda a sayi hatsi."

Na ce saura kwana arba'in gero ya nuna, mu daure.

"Ni na iya daurewa. Ita hwa?"

Na ce in muka taɓa guda, gobe za mu taɓa ta biyu, shekara biyu ta tafi a banza, gandu ya tafi. Na faɗi maganganu da yawa, duk a kan gandu. Ta bar ni na gama. Ta gyara goyonta ta koma madafa. Har yau in na tuna safiyar nan ba na jin daɗin kaina. Ina ganin ina da gaskiya, amma ban ko ɗaga kai na dubi yarinyar ba.

Bayan kwana biyu ta ce tana so ta je Damari ganin iyayenta. Na san ba ganin gida ba ne kawai, amma ban hana ba. Na raka su har inda ake samun mota, ta ƙi karɓar kuɗin mota daga hannuna, ta ce tana da na daddawarta. Ba ta ce ga ranar dawowa ba.

Haka azumi ya same mu, ni da Inna. Ita ke laluben murhu ta dama kunu, ni in ɗebo ruwa in yi faskare, in yi daka a bayan ɗaki inda ba mai ganina. In an kira magariba mu zauna a ƙofar ɗakinta da ƙwarya ɗaya tsakaninmu, ruwa na zuba daga indararo. Gidan ya yi shiru har ina jin tumakin nan biyu suna tuƙa. Na tsane su a kwanakin nan. Sau biyu na kwance guda da niyyar kai ta kasuwa in tafi Damari da buhun dawa. Sau biyun ina mayar da ita turke.

Wata rana Inna ta ce, "Auta, Nomau ya aiko da dawa tiya biyu. Ya ce kada in gaya maka."

Na je na same shi yana yanka wa Sarki ciyawa. Shi ma ya faɗa, haƙarƙarinsa a waje, amma bijimin sai sheƙi yake. Na fara godiya, ya katse ni. Ya ce in yana ciyar da rabin garma a gidansa, dole ya ciyar da ɗaya rabin. Sannan ya ce, "Ka tahi ka ɗauko matarka. Shanu ba su yi maka hira."

Da gero ya nuna na yanki na farko, na yi tumu, na ɗaure dami ƙarami na kama hanyar Damari. Na isa kwana uku kafin Sallah. Na gaida surukaina a zaure, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa. Ba wanda ya yi mini. Da aka ba ni izinin shiga na tarar da Binta tana tafiya da ƙafarta, ta yi kumatu, ta ɓuya a bayan uwarta don ba ta gane ni ba. Hurera ta kawo mini tabarma. Na ce mata na yi kuskure, in ta dawo za a sayar da tumakin duka biyu, in bi Yaya.

Ta ce, "Ranar da na taho, da fushi na taho, ba zan ɓoye maka ba. Amma a mota na yi tunani. Baki biyu na rage maku. Tumakin suna nan?"

Na ce suna nan, ɗaya ma tana da ciki.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma ta ajiye a gabana. Kaɗi ta yi wa mata, da sussuka, duk tsawon azumin. Ta ce, "Ba don gandunku ba. Don kada wahalar da na sha ta tahi a banza."

Audugar shekarar ta yi kyau, kuɗinta ma ya ɗan tashi. Tunkiya ta haifi biyu. Bayan an gama fuloti na kora su duka zuwa Kankara, da abin da ke cikin asusu, da igiyar da Baba Nomau ya ajiye mini. Shanu sun ƙara tsada. Na yini ina zagaye. Sai da kasuwa ta fara watsewa na ga wani ɗan bijimi baƙi a gefe, gajere, ramamme, ƙahonsa ɗaya a karye, fatake sun ƙi shi don ba nama. Na buɗe bakinsa, haƙoransa na yaro ne. Na duba ƙafafunsa, lafiya lau. Abin da ke jikina ya kai, har da ragowar da na sayi ƙosai na ci a tsaye. Na sa masa suna Guntu.

Da Baba Nomau ya gan shi ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Wanga ne abokin Sarki?" Sai ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Rabona da jin dariyarsa tun kafin 'ya'yansa su tafi.

Duk ranin nan a gidanmu aka ɗaure su tare don su saba. Harawa, dusa, angurya, kanwa, abin da muka samu. Muka huda musu hanci, muka riƙa ɗaura musu gungume suna ja a fili. Sarki malalaci ne, Guntu kuwa mai zuciya. Da yake tsayinsu ba ɗaya ba, sai da Baba Nomau ya sake sassaƙa karkiya sau uku.

Ruwan shuka ya sauka da yamma, mai yawa, ƙasa ta yi ƙamshi. Da safe na ce gonar Baba Nomau za a fara. Ya ƙi, na ƙi, har ya haƙura. Shi ya riƙe igiya a gaba, ni na riƙe garma. Kunyar farko ta karkace kamar maciji. Ta biyu ma haka. Daga ta biyar abin ya miƙe, ƙasa tana kifewa baƙa, jiƙaƙƙiya, balbelu suna bin mu a baya. Dattawan gari suka fito suka tsaya a bakin gona. Kafin azahar ya gaji, numfashinsa yana sama sama, sai ya koma gindin ɗorawa ya zauna yana ba ni umarni daga can.

A daminar nan muka huɗe gonarsa duka, muka huɗe gandunmu har inda sabara ta cinye, muka yi wa dattawan nan uku nasu. Yaya Hamisu ya zo da Ƙaramar Sallah. Muka zagaya, dawa ta fi mu tsayi, ba ka ganin ƙarshenta. Bai ce komai a kan Alhajin Funtua ba, ni ma ban tayar ba. Ya tambaya kawai ko rumbunan za su ɗauka.

Baba Nomau bai ci sabuwar dawar ba sosai. Tari ya kama shi tun ana girbi, ya kwanta. Kullum da yamma in na dawo da shanun daga ruwa sai in bi da su ta ƙofar ɗakinsa, a ɗaga masa asabari ya gan su. Ana gama ɗaurin dami ya mutu. Mutanensu suka yi masa abin da suke yi wa manyansu, kwana uku ana kiɗa. Na je na zauna a gefe.

Babban ɗansa Tanko, wanda ke aiki a masaƙa a Kaduna, ya zo gidanmu bayan an watse. Ya gaida Inna da ladabi, ya zauna a kan gungume. Ya ce su huɗu ne, ga 'yan'uwansu mata, ga gwaggonsu da za su tafi da ita, dole a raba abin da tsoho ya bari. Ya ce ya san abin da ke tsakanina da babansu, don haka wurina ya fara zuwa, in zan sayi Sarki. Ban ga laifinsa ba. Amma ko na sayar da dawar shekarar duka, kuɗin Sarki ba za su fito ba. Na gaya masa haka. Ya jinjina kai, ya ce mota za ta zo jibi ta ɗauki bijimin. Garma da karkiya, ya ce, in riƙe.

Sai bayan shekara biyu na sake samar wa Guntu aboki. Amma ba wannan nake yawan tunawa ba. Ranar da motar ta zo nake tunawa.

An jingina katako a bayanta, mutum huɗu suna ja suna turawa, Sarki ya kafe ƙafafunsa ya ƙi hawa. Suka doke shi, ya durƙusa. Tanko ya juyo ya dube ni. Na karɓi igiyar, na ce su matsa. Na shafa masa tozo, na yi masa 'yar muryar da Baba Nomau yake yi masa in za a fara huɗa. Ya tashi. Na hau katakon, ya biyo ni a hankali har ciki. Ni na ɗaure shi da hannuna, na sauko, suka rufe.

Tun daga bakin hanya nake jin kukan Guntu. Na tarar ya zagaye turkensa har igiya ta shaƙe shi, yana kallon ƙofa. Hurera tana tsaye a bakin madafa da Binta a hannu. Inna ta ji motsina daga ɗaki.

"Auta, an tahi da shi?"

"An tahi da shi, Inna."

Ta ce, "To, ka warware wa wanga igiya, ka ba shi ruwa."

Na ɗauki bokiti na nufi rijiya.